Sharhi: Gejin Injin Zarto, Amanar Katako da Yatsun Yaranmu

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Morai da Talata Mafara da Bakura da Maradun, tun ba ma kafintoci da masu injin tsaga katako ba, domin yau a rumfarku za mu shimfiɗa tabarma.

Duk shekara da zarar an kammala girbi, kuɗi suka shigo hannun manomi, sai aiki ya taso wa kafinta haiƙan. Wannan zai aurar da ɗiya, yana son gado da kujeru. Wancan ya gama gini, yana jiran katakon rufi. Ga kujerun makaranta, ga ƙofofi da tagogi. Dukkan waɗannan ayyuka a wuri ɗaya suke farawa, wato kan teburin injin zarto, inda ake tsaga falanki gida-gida. A kan teburin nan akwai wani miƙaƙƙen ƙarfe, wani lokaci katako, wanda yake kwance a gefen faifan zarto, falanki yana jingina da shi yana tafiya. Shi ne geji. Maganarmu ta yau a kansa take, kuma a taƙaice ita ce: miƙewar yanka daga geji take fitowa. Hannun maigida komai ƙwarewarsa, idonsa komai kaifinsa, ba za su gyara abin da karkataccen geji ya ɓata ba.

Bari mu fara da abin da ya sa maganar ta cancanci lokacinku. Katakon da ke shigowa yankinmu yana shan tafiya. Mai kyau daga cikinsa, irin su iroko da afara, daga dazuzzukan Ondo da Edo da Kuros Riba yake tasowa, ya biyo manyan kasuwanni kamar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko ya hau titin Funtuwa zuwa Gusau kafin ya sauka Mafara. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya ƙaru, farashin kowane falanki ya bi shi. Na gida kuwa, maɗaci da ƙirya da darbejiya, kullum raguwa suke yi. Zamfara tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke bakin hamada, waɗanda aka sa a shirin kafa katangar itatuwa. Dajin da ya rage mana kuma shigarsa ta yi wuya. Saboda haka falankin da ya lalace a kan inji asara ce biyu: kuɗin mai aiki sun tafi, iccen da ya yi shekaru yana girma ya tafi a banza.

To yaya geji yake aiki? Faifan zarto ba ya ganin layin fensir. Abin da ya sani kawai shi ne ya ci duk abin da aka turo gabansa. Geji ne yake riƙe tazara tsakanin gefen falanki da haƙoran faifai, tun daga farkon yanka har ƙarshensa. Idan tazarar nan ta tsaya yadda take, yanka ya miƙe. Idan ta motsa ko da kaurin farce ne, aiki ya karkace. Don haka sharuɗɗa uku ne a kan geji. Na farko, shi kansa ya zama miƙaƙƙe. Na biyu, ya yi layi ɗaya da faifai, gaba da baya. Na uku, in an ɗaure shi ya ɗauru, kada ya ja da baya sa'ad da aka jingina masa nauyin falanki.

A yawancin rumfunanmu injin haɗin gida ne. Mai walda ya haɗa tebur, aka ɗora mota da bel, aka sa faifai. Wannan abin yabo ne, domin da injin waje za a jira, da garuruwa da yawa ba su da inji ko ɗaya. Inda gizo ke saƙa shi ne geji. Sau da yawa guntun ƙarfe ne da noti ɗaya, ana bugunsa da guduma har ya zo daidai, ko wani katako da aka kafe da ƙusa biyu. Mai inji zai ɗauko tef ya auna daga gaban faifai, ya ga inci 2, ya ce Bismillah. Bayan faifai kuwa ba wanda ya waiwaye shi. A can baya matsalar take kwana.

Idan ƙarshen geji ya matso kusa da faifai fiye da farkonsa, hanya tana ƙuntata wa katako yayin da yake tafiya. Sai ka ji kukan inji ya sauya, ka ji ƙaurin ƙuna, ka ga gefen katako ya yi baƙi. Idan kuma ƙarshen ya buɗe da yawa, faifai zai riƙa janye katako daga jikin geji, yanka ya fita da kauri a nan, siriri a can. Na farkon ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Ku tuna haƙoran gaba ƙasa suke yi, suna danne katako a kan tebur, amma na baya sama suke tasowa. In katako ya matsu a kansu, sai su ɗaga shi, su kama shi, su wurgo shi wajen mai turi kamar harbin jaki. Faifai mai faɗin inci 10 da ke juyawa sau 4,000 a minti ɗaya, haƙoransa suna gudun kusan kilomita 190 a awa. Babu ɗan Adam ɗin da zai iya gocewa. Wani a ciki katakon zai same shi, wani a fuska. Wanda hannunsa ke bayan faifai kuwa, katakon ne zai fizgo hannun ya kai shi kan haƙora.

Gwajin da zai hana wannan bai kai minti goma sha biyar ba. Maigida, ka kashe inji, ka zare waya daga wuta, in janareta ne ka kashe shi gaba ɗaya. Ka ɗaga faifai iya tsayinsa in injinka yana ɗagawa. Ka ɗauki alli ka yi wa haƙori ɗaya alama. Ka juyo shi gaba, ka auna daga bakinsa zuwa geji. Sannan ka juya haƙorin nan dai zuwa baya, ka sake aunawa. Dalilin amfani da haƙori ɗaya shi ne faifai yakan ɗan lanƙwashe, haƙora kuma ba duka suke kallon gefe ɗaya ba. Awon biyu su zo daidai. In za a sami bambanci, to ya kasance baya ne ya fi buɗewa, da kaurin takarda ɗaya kawai. Miƙewar gejin kuma, ka ja zare daga wannan kai zuwa wancan yadda magina suke yi, ko ka kara masa gefen sabon filawud wanda zarto bai taɓa ba. In haske yana ratsawa tsakani, gejin ya lanƙwashe, sai a ɗaura masa fuskar busasshen katako da aka goge sumul. Ka sa sukwaya ka tabbata fuskar tana tsaye cak a kan tebur. Daga nan ka ɗaure, ka tura ƙarshensa da hannu ka gani ko zai motsa. In ya motsa, a ƙara masa maɗauri a baya. Kafin ka taɓa katakon mutane, ka gwada da guntun da ba a so.

Akwai kuma abin da masu koyo ba su cika ganewa ba. Geji ba ya miƙar da karkataccen falanki. Gefen da ka jingina masa, shi zai kwaikwaya. In gefen yana da doro, yankan ma zai fito da doro. Falankin da ya sha rana da iskar hunturu a kasuwa da wuya ka same shi a miƙe. Don haka a fara gyara gefe ɗaya, ko da injin gogewa, ko a kafa falankin a kan wani miƙaƙƙen filawud, a jingina filawud ɗin da geji, a yi yankan farko. Da an sami gefe ɗaya mai gaskiya, sauran aikin ya zo da sauƙi. Wanda ya murɗe, yana rawa a kan tebur, a datse shi gajere-gajere da zarton hannu tukuna.

Ɗanyen katako shi ma yana da nasa hali. Malaina da darbejiyar da aka sare jiya-jiya, da an fara tsaga su sai tsagar ta nemi rufewa a bayan faifai, ta cije shi. Maganin wannan wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe ne da ake kafawa a bayan faifai, yana bin layinsa, yana riƙe tsaga a buɗe. Wuƙar baya ke nan. Kaurinta ya ɗara na jikin faifai kaɗan, amma kada ya kai faɗin hanyar da haƙora suke ci. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Ingila ta tsara cewa tazararta da haƙora a daidai fuskar tebur kada ta wuce milimita 8. A Turai ba a sayar da injin tebur babu ita. A nan kuwa, ko injin ya zo da ita daga kamfani, ita ake fara kwancewa tare da murfin faifai, wai suna rage sauri. Masu aikin ɗanyen katako a can suna kuma amfani da gajeren geji, wanda yake ƙarewa jim kaɗan bayan haƙoran gaba, domin katakon da ya buɗe bayan yanka ya sami wurin sakewa. Yin haka a rumfarmu bai fi a ɗaura guntun katako a rabin gaban geji ba.

Yanzu ga turi. Yaro mai koyo idonsa kan faifai yake, saboda shi ne abin tsoro. Gwani kuwa idonsa yana inda katako ya haɗu da geji, yana lura kada wata kafa ta buɗe. Hannu ɗaya yana turawa gaba, ɗayan yana danna katako wajen geji, amma a gaban faifai kawai. In ka danna a daidai faifai ko bayansa, kai da kanka ka rufe tsaga. Ka tsaya a gefe, kada ka sa cikinka a layin faifai. Tsayin faifai ya ɗara kaurin katako kaɗan, ba a bar rabinsa a waje ba. In yanka ya zo ƙarshe, saura kamar santimita 30, hannu ya janye, sandar turi ta karɓa. Sanda ce mai tsawon aƙalla santimita 45, mai ɗan baki a kai, wadda za a fitar daga ragowar katakon da ke zube a ƙasa. Ba ta cin ko sisi. Yaron da ke karɓa a baya, aikinsa tallafe ne. Kada ya ja, kada ya matse bakin tsaga, kada ya miƙa hannu kusa da faifai don ɗauke ɓarɓashi. A ƙara masa tsawon tebur ta baya yadda zai yi nisa da haƙora da fiye da mita ɗaya.

Abu guda kuma da ya kamata kowane maigida ya haramta a rumfarsa: datse katako ta faɗinsa alhali kansa yana jingine da geji. Geji na tsagawa ne ta tsawo. Guntun da ya shiga tsakanin geji da faifai ba shi da wurin tsayawa, zai juya, faifai ya harbo shi. Mai son datse ƙafafun kujera guda ashirin tsawo ɗaya, ya yi wa injinsa akwatin turi mai zamewa, ko ya kafa ɗan katakon tsayarwa a jikin geji can gaba, yadda guntun zai rabu da shi kafin ya isa haƙora. Haka nan faifai ya dace da aiki: mai haƙora 24 na tsagawa ne, mai 60 zuwa 80 na datsa da filawud. Dakusasshen faifai, ko wanda ƙaro ya daskare a jikinsa, yana sa a yi turi da ƙarfi, ƙarfin kuma shi ke ture geji. A wasa shi, a wanke shi da kananzir. Tsohon katakon rufi a bincike shi saboda ƙusa. Mai dogon hannun riga ya naɗe. In an ɗauke wuta ana tsakar yanka, a kashe makunni nan take a janye katako, domin wutar Nepa ba ta sallama in za ta dawo.

Masu sauraro, akwai ɓangaren amana a cikin maganar nan. Duk yanka ɗaya yana cin kamar milimita 3 na katako, ya mayar da shi gari. Ku ɗauki falanki mai faɗin inci 12, a ce a fitar da inci bibbiyu. Lissafin baki zai ce guda shida. Amma zarto zai ci rabonsa sau biyar, don haka abin da zai fita cikakke guda biyar ne, da ragowar da ba ta kai inci ɗaya da rabi ba. Duk wanda ya miƙo maka shida daga falankin nan, to ya matso da geji ya rage wa kowanne. Da haka ne katakon da ake kira tu-bai-fo ya wayi gari suna kawai ya rage masa. Mai gini ya biya kuɗin cikakke, aka ɗora masa siriri a rufi, iskar farkon damina ta zo ta yaye kwano. Malamanmu sun sha karanta mana Suratul Muɗaffifina a kan masu tauye awo. Hukuncin bai tsaya ga mai mudu da tiya a kasuwar Talata ba, ya haɗa da mai tef da geji. In katako ba zai ba da shida ba, a gaya wa mai shi gaskiya tun kafin a kunna inji.

Daidaiton yanka kuma kasuwa ne. Misali, akwatin kiwon zuma na zamani, sandunan samansa faɗinsu milimita 32 ne zuwa 33 ga ƙudan zumar Afirka. In aka kauce, sai ƙudan su gina saƙa a gicciye, mai zuma ya kasa ɗaga sanda ɗaya ba tare da ya fasa sauran ba. Ƙofar da aka tsaga ginshiƙanta daidai tana rufuwa ba sai an yi ta sassaƙa ba. Gadon amarya da aka haɗa da katako miƙaƙƙe ba ya buƙatar a cike ramuka da garin katako da gam, a rufe da fenti, bayan wata shida ya fara kuka. Mutanenmu da suke ɗaukar kuɗi su tafi Gusau ko Sakkwato ko Kano sayen kayan ɗaki, abin da suke bi ke nan. Itacen ɗaya ne, bambancin yana ga saiti.

Ko a ƙasashen da suka ƙera injin, geji ya daɗe yana ba su wahala. Tun 1777 wani Bature mai suna Samuel Miller ya yi rajistar inji mai zarton faifai a Ingila, amma har shekaru 200 bayan haka kafintoci suna fama da gejin da ke gocewa in an ɗaure. Sai a ƙarshen shekarun 1970 wani ma'aikacin katako a jihar Arizona ta Amurka, Bill Biesemeyer, ya fito da geji mai kai kamar sukwaya, wanda yake zamewa a kan miƙaƙƙen bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu a gaban tebur, a danna hannu ɗaya ya kulle daram. A 1999 kuma Steve Gass ya ƙirƙiro injin SawStop, wanda yake tsayar da faifai cikin ƙasa da ƙiftawar ido da zarar ya taɓa fata. Duk da haka, a Amurka mutum fiye da 30,000 ne ake kaiwa asibiti kowace shekara saboda raunin injin tebur. Injin da ke tsayar da kansa ya fi ƙarfin aljihun kafintan Morai. Gejin Biesemeyer kuwa ba wani sirri a cikinsa: bututun ƙarfe ne, da ƙarfe mai kusurwa, da noti, da hannun kullewa. Masu waldar da suke haɗa ƙofofin ƙarfe da amalanken shanu a Mafara da Bakura da Maradun za su iya yin sa, in aka nuna musu sau ɗaya.

Nan ne muke kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara. Ilimin da ke cikin harabarta ya fito ya iske masu sana'ar da ke bakin titi. Bita ta kwana biyu, a haɗa kafintoci da masu walda, a ƙera geji ɗaya da wuƙar baya ɗaya a gabansu, ta isa ta sauya aikin rumfuna da yawa. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa tun 1971, da hukumar samar da ayyukan yi ta NDE, da ƙananan hukumominmu uku, duk wannan yana cikin hurumin aikinsu. In za a raba wa matasa kayan sana'a, a haɗa da koyar da saiti. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta a killace duk wani sashen inji mai haɗari. Shugabannin ƙungiyar kafintoci ba sai sun jira jami'i ya zo daga Gusau ba, su da kansu za su iya zagayawa su ce injin da ba shi da wuƙar baya da sandar turi, kada a sa yaro a kansa.

In kuma tsautsayi ya auku, a danne rauni da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama, a nufi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Kada a zuba garin katako ko ƙasa ko man inji. Yatsan da ya cire a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, a tafi da shi. Akwai babban asibitin Talata Mafara, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A tabbata an yi allurar rigakafin sandarewar jiki.

Iyayen gida masu inji, yaran da ke tsaye a gabanku 'ya'yan mutane ne, amana aka ba ku. Uban da ya kawo ɗansa ya ce ga shi nan a koya masa sana'a, yana fatan ya dawo masa da yatsu goma. Abin da yaro ya ga maigidansa yana yi, shi zai yi har ya tsufa. Ku koya masa auna gaba da baya kafin ku koya masa sauri. Ku kuma masu kai aiki, ku daina tsayawa a kan mai inji kuna cewa ya yi maza mota za ta tashi. Ku zo da tef ɗinku ku auna abin da aka ba ku, wanda ya cika muku awo ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙorafi ba.

Gobe da safe, kafin a tayar da inji, a ɗauki alli da tef a duba geji. Allah ya tsare hannuwanku, ya sa albarka a sana'a.